Takardar Tsiren Baffa Idi

Duk masu cewa son Turawa ne ya kama Baffa Idi, ba ku san shi ba. Gulma yake so, kuma ya gano babu gidan da ya kai gidan sarautar Ingila ta zamanin takobi rigima. Ni na sani, a hannunsa na tashi tun rasuwar mahaifina. Shi ya sa da na ji ɗansa, Yaya Sani, zai yayyaga littattafansa ya naɗe nama, na ce sai dai a yaga da ni.

Kun dai tuna shi a tukubarsa ta unguwar Abakpa Nike, nan ƙasar Inyamurai. Ba ya naɗe maka tsire sai ya karanta takardar gaba da baya, kai kana tsaye miyau na tsinkewa. Tsofaffin littattafai yake saye buhu-buhu don naɗi. Wata rana ya yago shafi daga wani mai hoton sarki a bango, idonsa ya sauka kan layi ɗaya, shi ke nan! Da Turancinsa na firamare ya shiga, bai sake fitowa ba. Littattafan lissafi suka ci gaba da shan mai, na sarakuna suka hau kanta.

Sau ɗaya Yaya Sani ya yi kuskure, ya naɗe wa wani Inyamuri nama da shafin ƙarshe na littafin da Baffa ke karantawa. Baffa ya tare okada, ya bi mutumin har ƙofar gida.

"Malam, wetin happen?"

"Oga, nama naka, takarda tawa."

Ya zazzage masa tsiren a tafin hannu. Ya dawo yana kaɗa takarda sharkaf da mai da yaji, yana ihu tun daga kwana: "Ya ci! Wallahi ya ci yaƙin!" Masu shaguna suka firfito suna tambaya wace jam'iyya.

Ni ban iya haƙuri ba. Na ce, "Haba Baffa! Mutanen nan sun shekara ɗaruruwa a ƙasa, rabin labarin ma marubucin ne ya ƙaga."

Ya ce, "Ke Bilki, littafin makarantarku ya gaya miki wanda ya ci. Wannan yana gaya mini abin da uwar wanda aka kashe ta ce. Wanne ya fi?"

Ranar da ya karanta inda wani ƙanen sarki ya kulle marayun wansa ya haye gadon mulki, bai hura wuta ba. Zagaye tsakar gida ya dinga yi: "Ya zubar mana da mutunci, mu baffanni! Tir!" Washegari da hantsi ya kira liman da dattawa biyu, ya ɗauko takardun shagon mahaifina ya damƙa mini.

"Ku shaida. Ba za a sa ni a littafi ba."

Muka yi ta dariya. Sai da na shiga ɗaki na yi kuka.

Da Baffa ya rasu, bayan sadakar bakwai na tarar da Yaya Sani ya loda littattafan sarakunan a buhu ya jawo. Na zauna daram a kai.

"Bilki, tashi. Takarda ce fa."

"Yaya, zo ka ɗaga ni."

Bai ɗaga ni ba. Dattawa suka ce a bar mata. Ni na ci!

Allah Ya jiƙanka Baffa, Ya haskaka makwancinka, Ya saka maka da riƙon marainiyar da ka yi ba tare da ka taɓa mata ko allura ba.

Na share kanta ɗaya a shagona, na jera littattafan. Daga ranar Asabar, duk mai so ya zo ya ara. Wanda ba ya jin Turanci ya zo da kujerarsa bayan la'asar, ni zan ba shi labarin da Hausa.