Wayar Birkin Malam

Dawa ya koma ɗaukowa, ko katakonsa? Damina biyu ke nan ina juya tambayar nan, kuma wanda ya san amsar yana cikin ƙasa. Ban yi boko ba, ban iya ajami ba, shi ya sa na roƙi maƙwabciyata ta rubuta yadda na faɗa, saboda ku mutanen Tsafe da kuka san shi. Ku kuna ce masa Sanda Mai Faci, mai gyaran keke a bakin kasuwa. Ni kuwa tun da aka kai ni ɗakinsa Malam nake ce masa, kuma a haka zan bar shi.

Kun san shi da shanya batir. Mutane na shanya barkono, Malam na jera batirin rediyo a kan rufin kwano yana juya su kamar gyaɗa. In na ce a sayi sabo, sai ya ce, "Da sauran rai cikinsu, Kulu. Rana suka rasa."

Da irin wannan batir mai rabin rai ne wata rana bayan la'asar, yana murɗa rediyo neman labarai, ya faɗa wata tasha da ba mu jin ko kalma ɗaya. Wani abu ke kuka a ciki. Ba goge ba ne, ba sarewa ba. Kamar mace ta toshe baki da zane tana kukan rashi.

Na ce, "Kashe. Mutuwa aka yi musu."

Ya ce, "Zauna ki ji. Wanga tsirkiya ɗaya ce."

"Wa ya gaya maka?"

"Kunnena."

Batir ya mutu a nan take. Kwana bakwai ya yi yana laluben tashar, har ya tsinci sunan ƙasar a bakin mai magana: Biyetnam. Tun daga ranar gidana bai sake zama lafiya ba.

Shi a tunaninsa, abin da ke da tsirkiya ɗaya kuma yake kuka dole ɗan'uwan kukuma ne, gogawa ake yi. Sai ya shiga ƙera kukuma iri-iri. Ƙwaryata ta furar safe, ludayina, har ƙoƙon awo, duk ya fafe ya ɗaura musu fata. Tsirkiya kuwa wayar birkin keke. Ni ma ba na raga masa. In ya fita sai in kwance wayar in yanka sabulu da ita, don babu abin da ya kai ta yanka sumul. Ya dawo ya sansana ya ce, "Kulu, Biyetnam na warin sabulu."

Abin da yake fitarwa, Allah ya jiƙansa, ko jaki ba ya tsayawa saurare. In na ce ya huta, amsarsa ɗaya ce: "Saura kaɗan." Rannan maƙwabciyarmu Inna Tumba ta faɗo gidan ba sallama, mayafi a hannu, tana salati tana tambayar wa ya rasu. Na ce ba kowa, Malam ne. Ta zube ƙasa ta ɗora hannu a ka. Sai ga shi ya leƙo daga zaure da kukumarsa, fuska cike da murna.

"Kin ji ko, Kulu? Ta ɗauka kukan gaske ne. Saura kaɗan."

Ya fi shekara ashirin a haka. Sai wata rana ya je Gusau sarin kayan keke wurin Oga Chinedu, wanda suka daɗe tare. Ya ba shi labari, Oga ya lalubo masa abin a wayar hannu ya nuna masa. Malam ya dawo gida ya zauna a kan turmi, ko ruwa bai nema ba.

"Lafiya?"

"Kulu, ba gogawa ake ba."

Ashe katako ne dogo a kwance, kamar ƙaramin akwati, da waya ɗaya a miƙe a kansa. A ƙarshensa akwai sandar ƙaho a tsaye da ɗan duma a jikinta. Da ɗan tsinke ake taɓa wayar, ɗaya hannun na lanƙwasa sandar, shi ne yake sa ta kuka. Na tuna ƙorena da suka tafi a banza, na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Ya ce, "Su ma da laifinsu. Da sun faɗa a rediyo."

"Da wane harshe, Malam?"

Ƙofar tsohon akurki yake kallo.

Da Oga ya ƙara nuna masa cewa mutanen can har duwatsu suke jerawa su kaɗa, sai ya bi garin yana ƙwanƙwasa kowane dutse da sifana. Na ɗora tukunyar miya, na juya ɗauko gishiri, na ji ta kife. Ya zare dutse ɗaya daga murhuna.

"Wanga ya fi duka murya," in ji shi. "Asara ce a bar shi ƙarƙashin miyar kuka."

Tuwo gaya muka ci ranar, yana ci yana ƙwanƙwasa dutsen.

Amma katakon da ya ƙera ya yi. Wannan gaskiya ce, zan faɗe ta ko a gaban wa. Ƙofar akurki, ƙahon bijimi daga mahauta, ɗan duma da wayar birki. Ranar da ya fara taɓa shi daidai, ina tankaɗe, sai na ji kukan nan na rediyo a tsakar gidana. Na ajiye rariya. Ya ɗago ya dube ni, kuma karo na farko bai ce saura kaɗan ba.

Da a zamanin lafiya ya same shi, da wataƙila na so abin. Amma lokacin ɓarayin daji sun fara shigowa ƙauyukanmu. Kun san sauran, ba sai na lissafa muku ba. Malam ya ɗauki wata ɗabi'a: duk ranar da aka kai mutum makwanci, in ya dawo daga maƙabarta sai ya shiga zaure ya taɓa katakon nan kaɗan. Ranar da aka binne ɗan Inna Tumba ya taɓa. Ranar da aka kawo ƙanena daga gona a kan amalanke ya taɓa. Har ya zamana ko ganin katakon na yi a jingine, sai gabana ya faɗi in fara tunanin saura wa.

Na ce masa, "Abin ga mutuwa yake kira."

Ya ce, "Ba kira yake ba, rakiya yake."

Safiyar da aka ƙone ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, kowa ya tashi. Malam ya goya yayansa marar lafiya a babur zai kai shi wurin 'yarmu a Bungudu, ni zan wuce Gusau da kaya a motar da muka haɗu da maƙwabta muka ɗauka. Kafin ya ja babur ya ce, "Ki sa katakon a sama, kada a danne duman."

Rubuta wannan yadda na faɗa. Akwai wuri a motar. Na ɗauki katakon har bakin ƙofa, sai na juya na tura shi ƙarƙashin gado.

Da muka haɗu a Gusau, a ɗakin da aka ba mu aro, ya bi kayan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Na ce wuri ne ya ƙare. Ya daɗe yana kallon turmina.

"Har turmi ya samu wuri," ya ce.

Bai sake tayar da maganar ba. Bai sake shanya batir ba. Sai ya zauna bakin ƙofa yana lanƙwasa iska da hannun hagu, ni kuma in yi kamar ban gani ba.

Da kaka ta yi, abinci ya yanke mana, dawarmu kuwa tana can a tsaye a gona. Mazan ƙauyenmu suka haɗa kai za su je su yanko abin da ya samu su dawo kafin azahar. Malam ya ce da shi za a je. Ba su kai ba. Bayan Tsafe kaɗan ɓarayin daji suka tare su. Wanda ya tsira ya ce mini tun daga tasha Malam maganar dawa yake, dami nawa za a samu. Oga Chinedu kuwa, da ya zo gaisuwa yana hawaye, ya ce ana gobe tafiyar Malam ya je shagonsa ya zaɓi wayar birki sabuwa, yana ja yana karawa a kunne.

In dawa ce, yunwa ta kai shi. In katakon ne, ni na kai shi. Liman ya ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda. Amma liman bai tura komai ƙarƙashin gado ba.

Allah ka jiƙan bawanka, ka yafe masa, ka sanyaya makwancinsa. Ka yafe mini ƙaryar da na yi masa, tunda ban samu na roƙe shi ba.

Wayar tana nan ƙulle a bakin zanena. Da zai fita, har ya sa ƙafa a takalmi, sai ya juyo ya danƙa mini ita a naɗe.

"Riƙe mini wannan, Kulu. Kada ki yanka sabulu da ita."