Ranar da Inna Tumba Ta Zama Bature

Jiya a kasuwar Illela na ga wata yarinya ta kifa ƙwarya a ka saboda rana, sai gwaggona ta faɗo mini a rai. Ita ke tsara wasan mata a gidan biki, kuma ba ta yarda a bar tsohuwa gefe tana tafi. Takan ce, "Ku ba ta wasan, ta riga ku ganin abin dariya."

Da Turawa suka ja iyaka, ƙauyen da ɗiyar maƙwabciyarmu Inna Tumba ke aure ya koma ƙasar Faransi. Tsohuwar ta daina hira, tuwo ma sai an matsa mata.

Ranar wani suna ina kan ɗaki ina baibaya. Aiki ne, ba leƙe ba, ku shaida. Na ga gwaggo ta shafa wa Inna toka a fuska, ta kifa mata ƙwarya a ka, ta miƙa mata muciya.

"Mi zan yi da wagga?"

"Yau ke ce Bature, Inna. Raba muna gida."

Inna ta miƙe tsaye. Sai ta turo ciki, ta ja layi a ƙasa, murhu ya faɗa Ingila, tukunya Faransi. Mai jego ta nemi ruwan zafi, Inna ta ce sai da izini. Mata suka zube don dariya. Ita ma ta yi, har hawaye ya wanke tokar. Ranar ta cinye tuwonta tas.

Allah shi jiƙan gwaggo, shi haɗa ta a Aljanna da tsofaffin da za ta ba aiki.