Abin da na taɓo a bayan tayar mota

Jama'a, yau saura ƙiris ku ji mummunan labari!

Motar da zan sayar ce take ta yin ƙara ta baya, gwaf-gwaf, tun daga Anacha. Na tsaya wajen wani makanike, Obinna. Na ce masa, "Shokazoba ce, bari ka gani." Na zura hannu bayan taya. Sai abu mai sanyi ya motsa!

Mesa ce ta naɗe a sifirin ɗin tayar! Innalillahi! Na rarumo ƙarfe zan buga mata.

Obinna ya riƙe ni. "Alhaji, kul! A garin nan wanda ya kashe ta sai ya yi mata jana'iza, har da akwati!"

Da sanda ya lallaɓa ta ta sauka, yana kiran ta Mama.

Ƙarar tana nan. Amma wallahi hannuna ba zai koma wurin ba!