Bashin da Na Biya Ya Ƙi Mutuwa

Na ga abubuwa da yawa a zamana na Kafanchan, wasu sun shuɗe har ban iya tuno su, amma wahalar da na sha a kan injin niƙana tana nan daram, kuma na san da ita zan shiga kabari.

A shekarun casa'in ne. Na karɓi injin bashi a wurin wani ɗan kasuwa Inyamuri, wanda aikin jirgin ƙasa ya kawo ubansa garin, shi kuma a nan aka haife shi. Ina biya kaɗan-kaɗan sai ciwo ya kwantar da maigidana, duk abin da injin ya kawo asibiti ke cinyewa. Bayan rasuwarsa mutumin ya gaji da jira, ya ɗauki lauya ya kai ni kotu, alƙali ya ce in biya. Ban yi gardama ba, gaskiyarsa ce. Da kaka ta yi na sayar da cittar gonarmu ta Fadan Kagoma, na kai masa kuɗinsa cif a shago, matarsa na zaune. Ya ƙirga, ya yi dariya ya ce, "Mama, ka yi ƙoƙari. Magana ya mutu." Haka Hausarsa take. Ni kuwa, don rashin sani, na yi godiya na tafi hannu rabbana, ban karɓi takardar shaidar biya ba.

Watanni sun wuce. Wata safiya ina niƙa wa mata masara sai ga ma'aikatan kotu, suka shafa wa injin jan fenti, suka ce ƙarshen wata za a ɗauke shi a yi gwanjonsa. Na rantse na biya. Ɗayansu ya ce, "Madam, mu takarda muke bi." Matan da ke layi suka fara ɗauke kwanukansu ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

A kotu magatakarda ya faɗa mini a fili: sai wanda ke bina ya zo da kansa ya shaida an biya shi. Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Ashe yanzu aka fara. In na je shago a ce ya tafi Kaduna. In na koma a ce yanzun nan ya fita. Ranar da na same shi kuwa, ya ce, "Gobe, Mama, ka zo gobe." Goben nan ba ta zo ba. Har Mararaban Rido na bi shi da na ji motar kayansa ta lalace a can, na isa aka ce an gyara sun wuce. Na dawo ba kuɗin mota, ba ciniki, yara suna kallona. Abinci ya daina shiga. Ko ƙarar babur na ji a ƙofar gida sai in ɗauka ma'aikatan kotu ne. A zumuntar mata ta coci ana waƙa, ni lissafin kwanakin da suka rage nake yi.

Abin da ya fi damuna, ban gane dalilinsa ba. Bai taɓa cewa ban biya ba, kuma bai yarda ya taka zuwa kotu ba.

Matarsa ce ta warware mini. Na tarar da ita ita kaɗai, na zauna a benci, kuka ya ƙwace mini. Ta rufe ƙofa ta ce, "Mama, lauya yake tsoro." Ashe sun yi da lauyan zai ba shi kaso in an biya, shi kuma ya ɓoye masa cewa na biya. Lauyan ya ɗauka ni ce na ƙi biya, ya sa kotu ta biyo ni. Wato don kada ya cire kason wani, ni ce zan rasa abincin 'ya'yana.

Washegari da ya zo buɗe shago, makullan suna ɗaure a bakin zaninta. Ina tsaye ta ce masa, da Hausa don in ji, "A gabana matar nan ta ba ka kuɗi. Ko ka je kotu, ko ni in je in faɗa." Ya yi faɗa da yarensu, maƙwabta suka fara leƙowa. Ba ta motsa ba sai da ya yarda zai je kotun.

A gaban alƙali, lauyan na gefe yana harararsa, aka tambaye shi ko an biya shi. Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "An biya ni, ranka ya daɗe. Duka." Aka rubuta, ya sa hannu, aka buga hatimi, aka ba ni nawa. Sai da na fito na zauna a gindin mangwaro kafin na iya numfashi sosai.

Tun daga lokacin na koyi cewa biyan bashi rabin aiki ne. Inda aka rubuta ana bin ka, can za ka tsaya sai an rubuta ka biya. Dariyar mutum da kalmar bakinsa ba sa zuwa kotu su tsaya maka.