Dilorom-opa da Farin Macijin Ɗakin Fulawa

Kafin motar shara ta shigo layinmu na unguwar Chilanzar, Dilorom-opa (opa a harshenmu yaya ke nan, kiran girmamawa ga mace) ta riga ta tsaya a bakin titi tana jiran bas. Shekara talatin da uku ke nan haka take yi. Jakarta guda ce, kuma duk unguwa an san abin da ke ciki: rigar filo biyu, gorar roba ta ruwan ɗumi naɗe a tawul, da wata sanda mai lanƙwasasshen baki da marigayi mijinta ya ƙera mata daga ƙarfen labule. Gidan namun daji take zuwa, ɗakin macizai. Ba likita ba ce, ba ta da ofis. Aikinta wanke gilashi, sauya ruwa, kwashe kashi, da narkar da daskararrun ɓeraye ga masu ci. Kafin ta taɓa kowane maciji sai ta riƙe kofin shayi da hannu biyu har tafinta ya yi ɗumi. Na taɓa tambayarta dalili, ta kira ni amaki, wato baffa, kamar yadda ake kiran dattijo a wurinmu, ta ce, "Amaki, kai za ka so a tashe ka daga barci da hannu mai sanyi?"

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ba wanda zai buga mata ganga, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Yabon gwani ya zama dole.

Abubuwan da ta yi wa unguwar nan suna da yawa. Ita ta fitar da macijin ruwa daga injin wankin matar mai chemis. Ita ta raba wasu 'yan haya da tsoron igiyar roba da suka yi wa kwanton ɓauna tun hantsi har azahar. Amma guda ɗaya zan ba da labarinsa, domin a gaban idon jama'a ya faru, kuma mai abin da kansa ya ce in rubuta.

A tsakiyar sanyin bara ne, dusar ƙanƙara ta kai idon sawu. Muna layi a ƙofar Ergash mai gurasa, wanda tanderunsa ke jingine da bangon benenmu, sai muka ji ihu daga ɗakin da yake ajiye fulawa. Ya fito da baya da baya, hularsa a hannu.

"Maciji! Wallahi maciji, a bayan buhu!"

"A wannan sanyin?" in ji wani. "Ergash, ko dai hayaƙin tanderu ya hau maka kai?"

Aka leƙa. Ga shi kuwa, naɗe a jikin bangon da zafin tanderu ke ratsawa. Fari ne, da ɗigo-ɗigo kalar hoda a gadon baya, tsawonsa zai kai hannun babban mutum har kafaɗa. Bai gudu ba, bai fasa kai ba. Ya ɗago kawai yana kallonmu kamar mu ne baƙin.

Nan take aka rabu biyu. Tursunoy-hola (hola wato inna), tsohuwar da ta girmi kowa a benen, ta ture mu da sandarta ta shiga gaba.

"Ku matsa, marasa tarbiyya! Farin maciji ne, arziki ne ya shigo gidan. Kakata ta ga irinsa sau ɗaya, shekarar nan tumakinsu duk tagwaye suka haifa."

Ta debi fulawa cikin tafi ta barbaɗa masa a ka, kamar yadda iyayenmu ke yi don ya fita lafiya ya bar albarka, ta aika aka kawo madara a faranti. Shi kuwa Ergash ya riga ya rarumo shebur ɗin kwashe ƙanƙara.

"Hola, arziki ko ba arziki ba, in aka ji maciji ya kwana a fulawata, wa zai ƙara cin gurasata? Gara in sare shi kowa ya ga gawa."

"Ka sare shi ka gani, in tanderunka bai tsage ba!"

Ana cikin haka wani ya buga wa Dilorom-opa waya. Ta sauka daga bas, ta dawo a ƙafa.

Ba ta yi sauri ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce da Ergash, "Ƙanena, ajiye shebur ka kawo min shayi." Ya kawo yana ƙunƙuni. Ta tsuguna daga nesa da kofi a hannu, tana kallon macijin kamar mai karanta wasiƙa. Mu kuma muna kallonta, domin ba mu taɓa sanin ana tsayawa a karanta maciji ba. A saninmu gani ne da duka.

"Kububuwa ce ko?" in ji Ergash.

"Kububuwa kanta faffaɗa ne kamar bakin cokali, wuyanta siriri. Dubi wannan, kai da wuya kusan ɗaya. Ƙwayar idonsa kuma zagayayyiya."

"Ashe duk mai zagayayyen ido ba shi da dafi," in ji wani daga baya.

Ta juyo ta harare shi. "Kumurci ma haka idonsa yake. Je ka rungume shi mu gani. Alama ɗaya ba ta isa ba, sai an tara."

Sai ta shiga tarawa da yatsa. Ta ce macizan ƙasarmu a wannan lokaci suna can ƙarƙashin ƙasa suna barci, wannan kuwa idonsa biyu, jikinsa mulmul, an saba ciyar da shi. Ta ce fari irin wannan ba ya kwana bakwai a daji shaho bai ɗauke shi ba, mutane ne ke kiwon irinsa saboda kyan launi. Asalinsa na Amurka ne, can ana ce masa macijin masara don a rumbu yake farautar ɓera, kuma ba shi da dafi ko na kashe ƙuda. Daga nan ta nuna wani ɗan tabo a kan hancinsa.

"Wannan goga hanci ne a murfin gilashi. Ya daɗe yana neman hanyar fita, ya samu. Ya biyo bututun ruwan zafi na benen nan, sanyi ya koro shi jikin tanderu. Ɗan gida ne. Yana da mai shi."

Ta ajiye kofi, ta zura sandar ta ɗaga tsakiyarsa a hankali, ta tallabe shi da ɗaya hannun. Sai ya naɗe a damtsenta, ya cusa kai cikin hannun rigarta kamar jaririn da ya sami zani. Wata mata ta yi salati.

Dilorom-opa ta dubi Tursunoy-hola cikin ladabi. "Hola, niyyarki mai kyau ce, amma fulawar nan ta toshe masa hanci, ga shi yana tsakiyar saɓa. Madara kuma ba abincinsa ba ce. Ruwa yake so."

"Kakata dai fulawa ta zuba."

"Kakarki a fili ta zuba, ya tafi ya wanke a rafi. Wannan ina rafinsa?"

Tsohuwa ta yi tsaki, amma ita ce ta je ta ɗauko kwanon wanki. Dilorom-opa ta gwada ruwan da gwiwar hannu kamar za a yi wa jariri wanka, ta sa shi ciki, ta goge fulawar da tsumma, ta taimaki tsohuwar fatar da ta maƙale a wutsiya har ta fita. Ta sa shi a rigar filo ta ɗaure bakin, ta jingina shi da gorar ruwan ɗumi cikin jaka.

To, ga abin da mu ba mu gani ba ita ta gani. A cikin taron akwai Normat-amaki, tsohon direban bas da ke zaune a hawa na uku na benenmu, mutum mai kunya da ba ya son a ji bakinsa. Kowa idonsa na kan maciji, shi kaɗai idonsa na kan shebur. Duk sanda Ergash ya ɗaga hannu sai ya runtse ido. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Macijin na 'yarsa ne, Sitora, wadda ta tafi Koriya aikin jinya ta bar masa shi amana. Ita kaɗai gare shi. Shekara biyu yana ɓoyewa, don kada a ce dattijo mai zuwa masallaci yana kiwon maciji a ɗaki. Ɓerayen ma a bayan kwalin nama yake tura su cikin firji. Ranar da iska ta yi ƙarfi ya ɗauke bulon da ke danne murfin akwatin gilashin macijin ya tare ƙofar baranda da shi. Da safe akwati ba kowa. Kwana goma sha ɗaya yana leƙen ƙarƙashin gado, kuma duk ranar da Sitora ta kira ta ce, "Baba, nuna min shi," sai ya ce yana barci, kada a tashe shi. Ranar nan kuwa a ƙofar Ergash yana tsaye, amanar 'yarsa na ƙarƙashin shebur, bakinsa ya ƙi buɗewa.

Da wata ce da ta nuna shi da yatsa. Dilorom-opa ta rataya jaka, ta yi magana da iska: "Yana gidana. Mai shi ya san ƙofata. Ba na tambaya a gaban mutane."

Kwana huɗu ta riƙe baƙon. Ta sa shi a akwatin roba mai ƙananan huji, ta shimfiɗa jarida, ta ajiye kwanon ruwa da kwalin shayi da zai ɓuya ciki. Gefe ɗaya na akwatin kusa da bututun zafi, ɗaya gefen nesa, don ya zaɓa da kansa. Ba ta ba shi abinci ba. Ta ce wanda ya sha sanyi da firgita in aka cusa masa ɓera amai zai yi, sai cikinsa ya kwanta tukuna. Kullum da safe takan kasa kunne ga numfashinsa ko akwai shaƙewa.

Rana ta biyar bayan la'asar aka ƙwanƙwasa. Normat-amaki ne, da gurasa biyu naɗe a ƙyalle, kansa a ƙasa. Ta zuba masa shayi, ta bar shi ya gama zagaye-zagayensa kan tsadar gas da ciwon gwiwa. Can ya ce, "Dilorom, abin nan da ke wajenki..."

"Wane abu? Abubuwa da yawa ne a wajena."

"Lagman."

"Na'am?"

"Sunansa ke nan. Yarinyar ce ta sa masa. Wai ya yi kama da lagman, taliyar nan tamu."

Ta danne dariya. "Amaki, ba na ba da maciji don an kawo gurasa. Wace alama gare shi da ban faɗa a gaban jama'a ba?"

Bai yi tunani ba. "Ƙarƙashin haɓarsa, gefen hagu, akwai ɓawo ɗaya da ya rabu biyu. Kuma ba ya cin ɓera in ana kallonsa, sai an juya baya."

Ta ɗauko akwatin. Tsoho ya sa hannu, Lagman ya hau ya naɗe a agogonsa, sai ga hawaye na bin gemu.

"Sharaɗi biyu," in ji ta. "Murfi a sa masa sakata, bulo ba makulli ba ne. Na biyu, Ergash ya zubar da buhu guda saboda zargin mutane, kwana huɗu layinsa rabi. Ni ba zan faɗa ba. Kai za ka faɗa."

"A gaban mutane?"

"A gabansu aka zarge shi."

Washegari da safe, muna layi, Normat-amaki ya cire hula ya ce, "Jama'a, macijin nan nawa ne. Na 'yata ne. Ni na yi sake ya fita, fulawar Ergash ba ta da laifi."

Ergash ya fito da gari har gira, ya dube shi sama da ƙasa.

"Amaki! Kai da ke tsallaka titi in ka ga mage?"

Dariya ta ɓarke, har shi Normat ɗin. Tursunoy-hola ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Ko na wa ne, ni dai na ce arziki ne. Ku dubi layin nan yau." Ba wanda ya iya musa mata, domin kafin a gama dariya labari ya bazu, layin ya kai har kwanar titi. Da yamma Sitora ta kira, uban ya ɗaga mata Lagman a gaban waya, ya kuma faɗa mata gaskiyar kwana goma sha ɗayan da bakinsa.

Dilorom, ke ce mai karanta abin da wasu ke sara. Ke ce kika nuna mana rashin sani ya fi dare duhu, mu da furfurarmu. A rana ɗaya kin tsare ran dabba, kin tsare sana'ar mai gurasa, kin rufa asirin dattijo har sai da ya ɗaga mayafin da hannunsa. Ba ki ce wa tsohuwa al'adarta shirme ba ce, kin dai sa ta ɗauko kwano. Shekara talatin da uku kina wanke gilashin da mutane ke leƙawa su wuce, ba wanda ya tambayi sunanki. Yau mun faɗe shi. Mun gode, Allah Ya ba ki hutu mai lafiya, Ya saka miki da abin da ya fi wannan takarda.

Ku kuma matasa, da ku tsofaffi masu saurin hannu, ku ji da kyau, in kunne ya ji jiki ya tsira. Ban ce ku kama abin da ba ku sani ba, wannan wauta ce, ita ma sai da ta shekara tana koyo. In kun ga maciji a ɗaki, ku ja da baya, ku fitar da yara, ku rufe ƙofa, ku toshe ƙasanta da tsumma, ku kira wanda ya sani. Wataƙila mai dafi ne, wataƙila kuma amanar wani ce sanyi ya koro.

An ce za ta ajiye aiki, amma sandar ba za ta ajiye ba. Makon jiya aka kira ta bene mai lamba goma sha biyu, na hango ta tana tafe a hankali kamar kullum. A gabanta akwai wani tsoho riƙe da rigar filo, yana haki, yana daka wa mutane tsawa tun daga bakin matakala: "Ku ajiye shebur! A kawo shayi!" Normat-amaki ne.