Ruwan Gilashi da Gyaɗar Inna

Ina ɗaki a garinmu Karare, kaina a waya, Inna ta banko ƙofa, zaninta sharkaf.

Aiki ɗaya ta bar mini kafin ta tafi barka: in hadari ya haɗu, in kwashe gyaɗar da ta shanya. Ni kuwa, malamar kimiyya guda, na nutse a labarin wata shuɗiyar duniya, wadda haske ma sai ya shekara sittin da wani abu kafin ya iso daga can.

Don kare kaina na ce, "Inna, wai can narkakken gilashi ke zuba maimakon ruwan sama."

Ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Wa ya je ya gani?"

"Ba kowa. Lissafi masana suka yi, hoton ma zane ne."

"Madalla. To wannan da ke dukan kwanon ɗakinki, shi ma sai an lissafa maki?"

Kwana uku muna juya gyaɗa, tiya huɗu ta yi funfuna.

Jama'a, akwai wanda bokonsa ya taɓa tsinka shi haka, ko ni kaɗai ce?