Ƙwan Kifin Kawu Hamissou

Sha'aban Basarke ne, mutumin Yauri, kuma wanda ya san Sarkawa ya san ba a koya musu ruwa. Tun bai kai tsawon filafili ba yake cikin kwalekwalen ubansa. Giwan ruwa, tarwaɗa, tsage, har talibambam ɗin nan mai kumburin ciki da ake wurgarwa, babu wanda bai bi ta hannunsa ba. To, wannan ne mutumin da rabo ya ɗauko ya dire a Riyad, garin da ko ruwan wanka sai an jawo shi daga nesa. Shekara goma sha ɗaya yana lodin kwalaye a wani sito a Birnin Masana'antu na Biyu.

Wanda ya jawo shi ƙasar kawunsa ne, Hamissou, yayan mahaifiyarsa, mutumin Gaya ta bakin kogi. Kawu ya yi tuƙi a garin shekara talatin da ɗoriya. Da kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya rasu, 'ya'yan mamacin suka yi kamar ba su taɓa ganinsa ba, iƙamarsa, takardar izinin zama, ta mutu, ciwon suga ya zo ya tare. Shi da Sha'aban ɗaki ɗaya suke kwana a unguwar Jaradiya, kuma tsohon ya yi shekara huɗu bai taka bakin titi ba. Asibiti kuwa ko sunanta ba ya son ji. A ganinsa daga gadon asibiti sai tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora, alhali a Gaya ba abin da ya rage masa sai kaburbura.

A bazarar da nake ba da labarinta, Kawu ya daina cin abinci. Shinkafa, wake, tuwon da Bilƙisu mai abinci ke aiko masa, duk loma biyu yake yi ya ture. Wuyansa ya zama kamar na kaza. Sha'aban ya tsorata ƙwarai, domin duk duniya wannan tsoho ne kaɗai ke kiransa da muryar uwarsa. Ya sayo kifi a kasuwa ya dafa, Kawu ya shinshina ya kau da kai.

"Wannan ai ya shekara a ƙanƙara, ɗan nan," in ji shi. "Ni wanda ya fito ruwa yau nake marmari. Mai ƙwai."

Ana haka sai ga magana ta taso a wurin aiki. Mai siton yana da gona a hanyar Kharj, da wani tafki da ya sa aka haƙa don ƙawa. Shekarun baya ya sayi wani baƙon kifi ɗan ƙarami ya sa a gilashi a falo, da ya fi ƙarfin gilashin ya sa aka juye shi a tafkin, ya manta. Masu kuɗi ke nan, su sayi abin da ba su san kansa ba, wani ya kwashe. Yanzu abin ya girma ya cinye karfasar tafkin, ya koma kan agwagi. Ma'aikatan gonar sun jefa taru sau biyu yana yaga shi. Manaja ya yi cigiyar wanda ya iya kamun kifi, Sha'aban ya ɗaga hannu kafin a rufe baki.

Safiya uku ya yi a bakin tafkin bai jefa komai ba, kallo kawai. Bai taɓa ganin irinsa ba: baki dogo kamar na kada, haƙora jeri biyu, tsawo ya fi na mutum. Amma ya lura yana tasowa ya haɗiyi iska kamar gaiwa, kuma kullum a gefen inuwar dabino. Rana ta huɗu ya gwada ƙugiya, ta zame, bakin duk ƙashi ne. Ya gwada mashin da ya ƙera da rodi, ya goce a kan ɓawon kamar an soki kwano. Sai ya zauna ya warware igiyar nailan ta yi buzu-buzu, ya naɗe karfasa a ciki, ya ɗaura mata jarka ta zama gora. Wajen hantsi jarkar ta nutse. Zaren ya sarƙe a haƙoran, kifin ya ja Sha'aban cikin ruwa har ƙirji, igiyar ta yanke masa tafin hannu biyu, bai saki ba. Kafin azahar mutum huɗu suka taya shi fito da shi.

Mai gona ya zo ya ɗora ƙafa a kai aka ɗauke shi hoto, ya ce a binne. Sha'aban ya roƙa aka bar masa. Da zarto ya buɗe shi, don wuƙa ta gaza. Yana buɗewa sai ga ƙwai, jajaye, cike da roba guda. Wallahi sai da idonsa ya kawo ruwa don murna.

A gidansu Sha'aban, ƙwan babban kifi na dattijo ne. Yaro ko ɗanɗanawa ba ya yi, ko da shi ya kamo. Haka ya tashi ya gani, haka ya yi. Tsokar ya raba wa mutanen gidan, kowa ya samu, shi ma ya soya nasa. Ƙwan kuwa ya yi masa romo da daddawa da citta, ya durƙusa ya ajiye gaban Kawu.

Tsohon ya ci. Ya cinye kwano ya miƙo a ƙara. Yana ci yana ba da labarin wani giwan ruwa da suka kama da mahaifin Sha'aban a ƙasan Gaya, har da dariya, abin da aka yi watanni ba a ji ba. Sha'aban ya zauna a bakin ƙofa da hannuwansa naɗe da tsumma, yana jin bai taɓa yin aikin da ya kai na yau ba.

Bayan la'asar amai ya fara, gudawa ta biyo. Duk wanda ya ci tsokar lafiyarsa lau, don haka ba wanda ya kawo kifi a ransa, aka ce cikin ne ya daɗe bai ga abinci ba. Sha'aban ya yi ta ba shi ruwan gishiri da sukari, Kawu yana amayar da shi. Washegari ya ce su tafi asibiti, Kawu ya riƙe masa wuyan riga.

"Idan ka kai ni, ban yafe ba."

Ya ƙara kwana ɗaya saboda wannan kalma, kuma har gobe wannan kwanan ne ke cin sa. Rana ta uku Kawu ya daina fitsari, ya daina gane mutane. Sha'aban ya goya shi ya sauko da shi, wani maƙwabci direba ya kai su.

Ba wanda ya tsaya jayayyar iƙama a lokacin, gado aka ba shi. Likitan, wani Basudane, ya tambayi abin da ya ci. Sha'aban ya nuna masa hoton a waya. Likita ya duba, ya bincika a tasa wayar, sannan ya ɗago.

"Naman ya ci, ko ƙwan?"

"Ƙwan."

"Ƙwan wannan kifin guba ne. Mai ƙarfi zai sha wuya ya tashi. Shi kuwa ƙodarsa dama a gajiye take, ga ruwan jikinsa ya ƙare. Me ya sa kuka daɗe?"

Sha'aban ya fice daga asibitin. Ya koma gida ya ɗauki sauran ƙwan da ya adana a firji, ya haƙa rami a bayan gida ya binne don kada kyanwa ta ci, ya dawo.

Da yamma Kawu ya farfaɗo kaɗan. Ya ga inda yake, bai yi faɗa ba, ƙarfin faɗan ma babu. Ya lalubo hannun Sha'aban mai tsumma ya riƙe.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Rabona da abinci mai daɗi irin wannan tun ina gida. Akwai saura?"

"Akwai, Kawu."

"To, ka ajiye mini. Kada ka ba kowa."

"Na ajiye maka."

Kawu Hamissou ya cika washegari kafin azahar, bai san abin da ya kashe shi ba.